Kuturtar Gyaɗa: Ta Ina Take Shiga Gona?

Wannan magana ta manoman gyaɗa ce, musamman na ƙasar Gaya da Ajingi, tun daga Kademi da Shagogo da Gamarya har Toranke da Balare da Gafasa. 

Duk wanda ya daɗe yana noman gyaɗa ya san irin wannan safiya. Ka yi sammako ka zaga gona bayan firi, shuka ta miƙe gwanin sha'awa, sai idonka ya faɗa kan wani gindi guda da ya ƙi tafiya tare da 'yan'uwansa. Ya tsugune, ya dunƙule, ganyensa ƙanana sun cunkushe wuri ɗaya kamar an matse su da hannu. Wani ya yi ɗorawa-ɗorawa, wani kuma korensa ya yi duhu har ya fi na mai lafiya. Ka ce ai gindi ɗaya ne, ka wuce. Bayan mako biyu ko uku ka dawo ka tarar abin ya kai faɗin tabarma, can gaba ga wata tabarmar. Ran cira ka ɗaga gindin, saiwa ce zalla, ko ƙwayar da yaro zai ɓare ya jefa a baki babu. Harawar ma ba ta kai a ɗaure ba.

Kuturta ke nan. Iyayenmu da suka raɗa mata wannan suna sun dubi yadda take dunƙule tsiro ne. Sai dai ita kuturtar ɗan Adam yau tana da magani, kyauta ma ake ba da shi a asibiti, mutum ya warke sarai. Ta gyaɗa kuwa, har gobe babu kantin da ke sayar da maganinta, a Kano ne ko a Landan. Gindin da ya kamu ya kamu. To tun da ba ta warkewa, abin da ya kamata mu tsaya a kai yau shi ne hanyar da take bi ta shigo.

Dattawan da suka haura shekara 60 ba sa bukatar in tuna masu 1975. Ƙasar nan ta fito daga farin 1973 da ƙyar, rumbuna sun yi kwana babu komai, iri ya yi wuya. Ana murna ruwa ya dawo, sai kuturta ta sauka a kan gyaɗar arewa baki ɗaya. Lissafin da masana suka yi ya nuna ta cinye kimanin hekta 700,000, asarar da aka ƙiyasta ta kai dalar Amurka miliyan 250. Ku dubi yadda kalma ke wasa da mutum: dala muka yi asara ta kuɗi, dala kuma muka yi asara ta buhuna. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912 gyaɗa take riƙe da talaka. Ita ce kuɗin haraji, ita ce kuɗin aure, ita ta ɗaga su Alhassan Ɗantata, ita ta sa aka riƙa jera buhuna har 15,000 a dala guda. Ba zan ce kuturta ita kaɗai ta rushe wannan daula ba. Fari ya yi nasa, kuɗin man fetur sun janye hankalin hukuma da ƙarfin samari zuwa birni, farashin da hukumar sayen amfanin gona ke biya bai ƙarfafa wa manomi gwiwa ba. Amma kuturta ce ta karya zuciya. Mutumin da ya zuba irinsa na ƙarshe ya tashi da hannu biyu, da wuya ka sake ganinsa ya ware babbar gona don gyaɗa. Da yawa suka koma gero da dawa da wake. Cutar kuma ta sake leƙowa a 1983 da 1985 da 1988, kamar mai tuna wa mutane cewa tana nan.

A wancan lokaci an faɗi maganganu iri-iri. Wasu suka ce iri ne ya lalace, wasu suka ce ƙasa ce ta gaji, wasu suka ce wani ruwa ne aka yi mai guba. Har yau ina jin irin wannan a majalisa. Masanan cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, sun bi diddigin annobar suka rubuta bayaninta a 1976, kuma kafin su an daɗe ana nazarinta, don tun 1907 aka fara ba da labarinta a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. Abin da aka tabbatar shi ne, kuturta ba ta bin iri. Ku saurara da kyau: ko daga gonar da ta kamu ka samo irinka, ƙwayar da ka shuka tsarkakakkiya take tsirowa. Ba ta kwana a cikin ƙasa, ba ta saukowa da ruwan sama. Kawo ta ake yi, kuma ɗan aiken ƙaramin ƙwaro ne wanda bai kai ƙwayar gero ba.

Kun san shi. Shi ne wannan baƙin ƙwaro mai laushi da ke taruwa a kan tohon gyaɗa da na wake, wanda wasu ke kira kwarkwatar ganye, mu kuma muka fi saninsa da darɓar da yake bari, wannan danƙo mai zaƙi da tururuwa ke bi. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a gindin gyaɗa ba gaira ba dalili, juya ganyen ka duba ƙarƙashinsa. Bakinsa kamar allura yake. Yana soka ta cikin jijiyar ganye ya tsotsi ruwan tsiro. In tsiron mai cuta ne, sai ya haɗiye ƙwayoyin cutar tare da ruwan, su ratsa cikinsa su isa yawunsa. Daga nan har ya mutu, duk gindin da ya zauna ya yi kiwo a kai, yana iya zuba masa.

Ita ƙwayar cutar irin wadda ake kira bairos ce, dangin masu kawo ƙyanda da shan inna ga mutane, ko da yake wannan ba ta kama mutum ko dabba. Ba tsutsa ba ce, ba fumfuna ba ce. Ba ta da rai na kanta sai ta shiga jikin mai rai, ta mayar da shi masana'antar buga irinta. Shi ya sa feshi ba ya samunta: ba a bayan ganye take ba, ta riga ta zama ɗaya da jikin tsiron.

Wani abin mamaki game da kuturtar gyaɗa, ba ɓarawo ɗaya ba ne, su uku ne suka haɗa baki. Na farko shi ne mai hayayyafa a cikin tsiro, amma tsirara yake, ba shi da rigar da zai sa ya hau ƙwaro. Na biyu ɗan mitsitsi ne, ba ya iya hayayyafa sai a jikin na farko, amma shi ne mugun, shi ne ke dunƙule ganye ya tsugunar da gindi. Na uku kuwa shi kaɗai ba ya nuna wata alama a ido, sai dai shi ke da riga, shi ke ara wa sauran biyun su sa, ƙwaro ya ɗauke su. Mai fasa ɗaki, da mai wuƙa, da mai mota. In mai mota bai zo ba, ɓarna ta tsaya a gida ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa wani lokaci ka ga gindi ɗaya ya kuturce maƙwabtansa lafiya lau har kaka, wani lokaci kuma gindi ɗaya ya zama mafarin asarar gona.

Shi kuma ƙwaron, hanyar haihuwarsa ce ke ba shi galaba. A ƙasashenmu masu zafi matan ba sa jiran namiji, ba sa ma yin ƙwai. 'Ya'ya suke haifa da ransu, kuma cikin mako guda 'yar ta isa haihuwa. Uwa ba ta gadar wa 'yarta cutar, amma tun da a kan gindin mai cuta aka haife ta, nonon farko da ta tsotsa shi ke nan. In suka yi yawa wuri ya matse, sai a fara haifar masu fiffike. Waɗannan ba su da ƙarfin tashi mai nisa da kansu, iska ce ke kwasarsu ta watsa, kusa ko nesa. Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke su ya rage yawansu. Amma a ce an shuka, an yi tsiro, sai ruwa ya ɗauke kwana goma ko sati biyu, to wannan ita ce kasuwarsu.

Sai tambayar da kowane mai hankali zai yi: in ba ta cikin iri, ba ta cikin ƙasa, ƙwaron kuma kwanakinsa kaɗan ne, to ina take fakewa duk tsawon rani, daga kaka har saukar ruwa? Dole sai da ɗanyar gyaɗa mai rai a wani wuri. Masana sun fi zargin gyauro, wato gyaɗar da ta zube ran cira ta tsiro da kanta a wuri mai laima, da kuma gyaɗar yankunan kudu da mu inda ruwa ke riga sauka, wadda iskar farkon damina ke kwaso ƙwarinta ta yo arewa da su. A nan zan ce Allah ya saka wa mata da yara masu roro. Don kuɗin ƙuli-ƙuli suke tonon abin da ya saura, amma kowace ƙwaya da suka tsince, masauki ɗaya suka rushe wa cuta.

Nan ne kuma nake da 'yar damuwa game da abin da ke faruwa yanzu. Noman rani ya bunƙasa, injin ban ruwa ya shiga ko'ina, kuma a fadamun da ke bin kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja, da sauran wurare, ana ƙarfafa wa mutane su yi gyaɗar rani. Ba na kushe ta. Tana ba da iri sabo daidai lokacin shuka, harawarta kuma tana zuwa a lokacin da dabba ke cin takarda a bola. Amma mu sani, da can rani katanga ne tsakanin damina da damina. Wata shida babu ɗanyen ganyen gyaɗa, cuta da ƙwaro duk su ƙare. Gyaɗar rani gada ce a kan wannan katanga. Wanda zai yi ta, nauyin da ke kansa ya fi na mai damina: ya shuka iri mai jurewa, ya tumɓuke duk gindin da ya kuturce, ya kuma cire gyaɗarsa ya share wurin kafin maƙwabta su fara shuka.

Na taɓa tsayawa a rumfar wani mai sayar da maganin feshi ran kasuwa, wani bawan Allah ya zo da gindin gyaɗa a leda, ya dunƙule tamau. Ya ce, "Alhaji, dubo mini maganin wannan." Mai rumfa bai yi wata-wata ba ya miƙo kwalba biyu, ɗaya ta ƙwari, ɗaya ta takin ruwa, ya ce a haɗa a fesa sau uku. Mutumin ya ƙirga kuɗin da na tabbata na cefanen gidansa ne ya biya. Ban ce mai rumfa macuci ne ba, wataƙila shi ma iyakar saninsa ke nan. Amma wannan ihu ne bayan hari. Feshin ƙwari yana da amfani a kan kuturta, domin ƙwaron sai ya ɗauki lokaci yana tsotso kafin ya kwashi cutar ya kai wa wani, saboda haka in an kashe shi da wuri an katse hanya. Da wuri fa, wato makonnin farko bayan tsiro, ranar da ka fara ganin ƙwaron, kafin gona ta nuna alama. In rabin gona ta tsugune, ka riƙe kuɗinka. Kuma feshi barkatai yana kashe har da ƙwarin da ke taimakonka, irin wannan ɗan ja mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya, wanda abincinsa ke nan.

Abin da ya fi feshi arha yana hannun manomi tun ran shuka. Gyaɗar da cutar ta kama tana ƙarama, kafin ta yi fure, ita ce ke tashi a tutar babu. Wadda ta riga ta sa 'ya'ya kafin ƙwaro ya iso, ko ta kamu za a samu wani abu. Saboda haka wanda ya shuka da ruwan farko mai kyau ya tsere wa wanda ya bari sai ya gama da gero da dawa tukuna ya waiwayi gyaɗa. Na san dalilin jinkirin, abinci ne gaba, kuma hannu ɗaya ne. Amma a san farashinsa.

Sai tazara. Ƙwaron nan mai fiffike yana daga sama, abin da ke jan idonsa shi ne koren tsiro a tsakiyar farar ƙasa. Gonar da ganye ya rufe ruf ba ta cika jansa ba. Gonar da aka yi wa shukar rowa, gindi nan gindi can, ita yake sauka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai tsimin iri yana ganin ya yi dabara, tiya biyu ta rufe masa inda tiya huɗu za ta shiga, alhali ya share wa baƙo wurin zama ne. A kan kunya, kada tsakanin rami da rami ya wuce taƙi guda, kuma inda bai tsiro ba a yi kwafi da wuri. Tsohuwar dabarar gicci ma, da ake ratsa gyaɗa da layin gero ko dawa, ba a banza kakanni suka yi ta ba, don dogon kara yana tare wa gajere iska da abin da ta ɗauko.

Game da iri, an yi nisa. Tun a shekarun 1950 aka gano wasu irin gyaɗa na gargajiya a kan iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa waɗanda kuturta ba ta cika kayar da su ba. Matsalarsu nauyi: wata huɗu zuwa biyar suke so, daminar Gaya da Ajingi kuwa ba ta kai nan. Ita kuma 'yar Dakar da muka saba da ita, mai saurin nuna, ba ta da garkuwa ko kaɗan. An daɗe ana fama kafin a haɗa sauri da juriya a iri guda. Cibiyar Samaru tare da cibiyar ICRISAT mai ofis a Kano suka fitar da SAMNUT 23, daga baya a 2011 aka fitar da SAMNUT 24 mai nuna cikin kamar kwana 80 zuwa 90, sai SAMNUT 25 da 26 a 2013. Juriya ba ta nufin tsafi. Shekarar da ƙwaro ya yi yawa ƙwarai za ka ga ɗaiɗaikun gindi sun kamu. Amma tsakanin ɗaiɗaiku da gona sukutum akwai tafiya. Abin takaici shi ne, irin da aka fitar fiye da shekara goma har yanzu akwai ƙauyen da bai taɓa ganinsa ba, malamin gona kuma ɗaya ne ga ƙauyuka barkatai, babur ɗinsa ma ba mai. Nan ne aikin hukumar gona ta jihar Kano, KNARDA, da sassan gona na ƙananan hukumomi yake, ba rabon kwalaben feshi a gaban 'yan jarida ba.

Kada kuma wani ya ji na ce ba ta bin iri ya ɗauka haka abin yake ga kowane amfani. Kowace cuta da ƙofarta. Wannan ƙwaron dai shi ke kai wa wake wata cutar mai sa ganye dabbare-dabbare, ita kuwa tana bin iri, kuma a ɗanɗanawa ɗaya yake ɗaukarta ya zuba, kafin maganin feshi ya kashe shi ya gama aikinsa. Ta tumatir mai nannaɗe ganye, farin ƙuda ne ɗan aikenta. Rogo kuwa mu da kanmu muke raba cutarsa, domin kara muke dasawa: ka karɓo kara daga gonar aboki don zumunci, ka karɓo har da abin da ke cikinsa. Haka yaɗon dankali.

Wannan matsala ta dashe ba mu kaɗai take damu ba. A Turai da Amurka akwai wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof, wanda suke sa furensa a giya don ɗaci da ƙamshi. Ba abin nomanmu ba ne, ba abin shanmu ba ne, amma darasinsa ya shafe mu. Manyan gonakinsa suna yankin Halatau a Jamus da kwarin Yakima a jihar Washinton, da kuma Kent a Ingila. Shekaru yake yi a gona, kuma da yankan saiwa ake yaɗa shi, don haka duk cutar da uwa ke ɗauke da ita sai ta bi 'ya'ya. Wasu cututtukansa ƙwaro irin namu ke kaiwa, wata tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani ke ɗaukarta daga saiwa zuwa saiwa, wata kuma wuƙa da injin aski ne ke shafa ta daga gindi zuwa gindi. Akwai mai tsugunar da tsiron, da aka fara sani a Japan, wadda a 2004 aka tabbatar ta shiga gonakin Washinton. Mutanen nan suna da kuɗi da jiragen feshi da ɗakunan bincike, amma su ma ba su da maganin gindin da ya kamu. Abin da suka koma yi shi ne tumɓukewa, da wanke kayan aiki, da kafa wuraren da ake renon dashe mai tsabta a gwada shi a ba shi shaida kafin a sayar wa manomi. Wato dai ƙofa suke tsarewa.

Tamu ƙofar ta gyaɗa iska ce, iska kuwa ba ta san iyakar gona ba. Ka shuka da wuri, ka cika ramuka, ka tumɓuke mai cuta, in maƙwabcinka ya bar tasa ta zama makiyayar ƙwaro, daga wurinsa za su taso. Da muna da gayya, muna da sarkin noma da ake jin maganarsa. Ban ga abin da zai hana mai unguwa da sarkin noma da limami su tsayar da magana ɗaya kafin ruwa ya sauka ba: a share gyauro a bakin rijiyoyi da lambuna, a yi shukar gyaɗa cikin mako ɗaya, wanda irinsa bai kai ba a ranta masa ya cika gonarsa maimakon ya warwatsa, a kuma haɗa kuɗi a aiki mutum ɗaya ya sayo iri mai shaida daga inda aka tabbatar da shi.

Wanda kuma gyaɗarsa ke ƙasa yanzu, gobe da safe ya zaga. Ya bambance: in ganye ya yi fari-fari amma tsiro na tsayinsa, wannan yunwa ce ko ruwa ya kwanta, in tabo ne baƙi-baƙi a tsofaffin ganye, wannan fumfuna ce, tana da maganinta. In kuwa gindi ya tsugune ya dunƙule, a cire shi a hankali kada a kakkaɓe ƙwarin a kan na kusa, a sa a buhu a fitar, a binne shi ko a ƙone. Kada a yar da shi a kan kunya, don yana fara yaushi ƙwarin za su sauka su hau na gaba.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.